Kar ka raina abokin gaba: abin da ya sami Rajimanti ta 24 a Isandlwana

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ku ɗan tsaya ku karanta wannan, ya daɗe yana min yawo a zuciya.

A watan Janairun 1879 sojojin ƙasa na Ingila, Rajimanti ta 24, suka yada zango a gindin wani dutse da ake kira Isandlwana, can ƙasar Zulu a Afirka ta Kudu. Ga bindigogin zamani Martini-Henry, ga igwa biyu, su kuwa mayaƙan sarki Cetshwayo yawancinsu mashi ne da garkuwar fatar saniya. To shi babban kwamandan, Lord Chelmsford, ko rami bai sa an haƙa ba, ko kekunan shanun da suka zo da su bai sa an kewaye sansanin da su ba, shi dai damuwarsa kar Zulu su ƙi tsayawa a gwabza. Da asubar ranar 22 ga wata ma sai ya kwashi kusan rabin rundunar ya tafi nemansu wani wuri, ashe mutum wajen 20,000 na kwance a wani kwari kusa da sansanin sun yi tsit. Da rana tsaka suka taso, suka yi musu ƙawanya irin ta ƙahon ɓauna, dama da hagu. Kafin la'asar sama da mutum 1,300 na ɓangaren Ingila sun mutu, har rana ta yi kusufi ana cikin yaƙin.

Wallahi duk sanda na tuna labarin nan ayar Hunaini ce ke faɗo min, cikin suratut Tauba, inda Allah ya tuna wa sahabbai ranar da yawansu ya burge su amma bai amfane su da komai ba. Su 12,000 ne fa, kuma Annabi (SAW) na cikinsu. To ina ga ni da kai?

Allah ya ce shaiɗan maƙiyinku ne, ku riƙe shi maƙiyi. Amma mu kullum sai dai mu ce ai ni na fi ƙarfin wannan, hira ce kawai a WhatsApp, kallo ɗaya ne, ƴar canjin oga ce ba zai ma lura ba, mu bar azkar na safe da yamma, mu bar jam'i, mu kwana da waya a hannu asuba ta wuce mu, sansani a buɗe ba ko shinge. Annabi (SAW) ya gargaɗe mu da zunuban da ake rainawa, ya kwatanta su da matafiyan da kowa ya kawo ɗan itace har wuta ta kama.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne, a yammacin wannan ranar, a Rorke's Drift, wani ƙaramin sansanin Ingila da ba shi da nisa da Isandlwana, wasu ƴan rajimantin ɗin dai tare da majinyata, su wajen 150, da labari ya iso musu sai tsoro ya sa suka jera buhunan masara da akwatunan biskit suka yi katanga. Zulu sama da 3,000 suka kwana suna kai musu hari, har gari ya waye ba su ci wurin ba.