Madigadin Babur ɗin Kakana da Ragon Gwaggo

Duk wanda ya ce maka inji ne wahalar gyaran tsohon babur ɗin Ingila, bai taɓa fita neman madigadi ba. Inji ko ya shekara hamsin a kwance, bakanike mai haƙuri zai tashe shi. Amma wannan lanƙwasasshen kwanon da ke rufe taya don kada taɓo ya fallatso maka, shi ne ya kusa raba ni da albashina, ya kuma kusa haɗa ni da Gwaggo.

Babur ɗin na marigayi kakana ne, BSA Bantam, wanda ya sha zagaya ƙauyuka da shi yana malamin gona a zamanin En'e. Ranar rabon gado ko kallonsa ba wanda ya yi, sai na ce a bar mini. Kamfanin BSA na birnin Bamingam ne, kuma da ƙera bindigogi ya fara tun 1861, shi ya sa tambarinsa bindiga uku ce a jingine da juna. Bantam kuwa a 1948 ya fito, ɗan ƙaramin inji 125, kuma asalin zanensa na Jamusawa ne, na wani babur DKW RT 125 da aka karɓe a matsayin diyya bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Duk na haddace wannan, ina zuba wa duk wanda tsautsayi ya zaunar kusa da ni a majalisa. Da na kankare tsatsar firam na ga lambarsa ta fara da YD1, na tabbata na farko-farkon ne. Komai yana nan, har famfon iska. Madigadin gaba ne kawai ya yi layar zana.

To na farko-farkon nan ba irin wanda ka sani ba ne. Yana da zurfi sosai, da fiffike a kowane gefe da ya sauko ya rufe kafaɗar taya. A saman ƙafafun gaba ake ɗaure shi, ba ya hawa da sauka tare da taya, don haka aka yi masa zurfin, taya ta samu wurin wasa in an faɗa rami. Daga baya kamfanin ya sauya shi da wani siriri mai bin taya. Bakinsa a naɗe yake, ba yanka kawai aka yi aka bari ba. Fentinsa kore ne mai hazo-hazo. Sannan na kakana a tsakiyar samansa akwai 'yan huji biyu, inda aka kafa lambar gaba a tsaye, tsininta na kallon hanya. A Ingila sai a 1975 aka daina tilasta wannan lambar, saboda yadda take yankar mutane in an buge su. A hoton kakana lambar tana nan tsaye ƙyam, shi kuma yana bayanta da rawani.

Da wannan ilimin na doshi wurin 'yan gwangwan, hoto a waya, tef ɗin awo a aljihu.

Mutumin da na fara tararwa ya dubi hoton, ya dubi takalmina, ya ce, "Alhaji, orijinal kake so ko na Ingila?"

Na ce ai duk ɗaya ne.

"A'a, Alhaji, kuɗinsu ba ɗaya ba."

Ya aika yaro, yaro ya dawo da madigadin keke Rali. Na ce wannan na keke ne. Ya ce to ai Rali ma Ingila ne, in ban yarda ba in duba tambarin. Gaskiyarsa ce kuwa, a Notingam ake yin sa a da, ba ni da bakin musu. Don in nuna masa ba da baƙo yake magana ba, sai na shiga yi masa bayanin yadda kowane kamfani yake da nasa salo, har na kawo masa labarin Triumph, da suka fito da wani babur a 1957 suka lulluɓe tayar bayansa da faffaɗan kwano har Turawa suka yi masa laƙabi da bahon wanka, Amurkawa kuma suka dinga ɓalle shi suna yarwa. Yana ta gyaɗa kai. Ya raɗa wa yaron wata magana. Can sai ga yaro niƙi-niƙi da baho na gaske, fari mai bakin shuɗi, irin wanda ake wa jarirai wanka a ciki.

"Wannan ma tsohon kaya ne, Alhaji. Yanzu ba a yin irinsa."

Kafin la'asar duk layin ya san akwai wani mai neman ruɓaɓɓen kwano da kuɗinsa. Abin da da safe ake saidawa a kilo, da yamma ya zama kayan tarihi. A ƙarshe wani dattijo ya fito mini da ɗaya mai zurfi, baƙi wuluk, ya rantse daga jikin babur ɗin wani Bature ɗan kwangila aka cire shi. Na biya, ban ma taya sosai ba. Sai a garejin bakanike muka kifa shi muka ga 'yar takarda manne a ciki da rubutun Indiya. Can ɗin tun 1955 aka kafa kamfanin haɗa babur ɗin Ingila mai suna Royal Enfield a birnin Madaras, kuma har gobe akwai maƙeran da ke buga kwaikwayon madigadin tsofaffin baburan Ingila. Huji ko ɗaya bai hau kan ɗan'uwansa ba. Wurin gwadawar ma wani tashin hankali ne, domin notinan babur ɗin awon Ingila ne na da, irin na Whitworth, sifana 13 ta yi kaɗan, 14 ta yi yawa. Ina juya baya in amsa waya, yaron bakanike ya ɗauko cizal da guduma. Da ƙyar na ƙwaci notin kakana a hannunsa.

Ana cikin haka Sallar layya ta matso, na je gaida Gwaggo, ƙanwar mahaifina, a tsohon gidanmu. Ina durƙushe muna gaisawa, idona ya sauka kan ragonta da ke ɗaure a gindin dalbejiya yana cin dusa. Ba ragon na kalla ba. Abin da yake ci a ciki na kalla: doguwar kwatarniyar ƙarfe mai lanƙwasa, an ajiye ta an tokare da duwatsu biyu, gefenta da fiffike, bakinta a naɗe. Na tashi ba sallama na nufe ta. Na kai hannu na shafa gindinta, na ji dunƙulen kwalta guda biyu, daidai inda hujin lamba suke. Na kankara da farce, sai ga kore mai hazo-hazo. Ban gama cewa Allahu Akbar ba ragon ya ja da baya ya zabga mini karo a kwankwaso, na tafi da baki cikin dusa.

Gwaggo ko motsi ba ta yi ba. "Kai ɗan nan, in yunwa kake ji ai sai ka faɗa a zubo maka tuwo."

Na tashi ina kakkaɓe gemu na yi mata bayani tun daga 1948. Ta saurare ni tsaf, ta ce tun tana budurwa ake ba dabbobi dusa a cikinsa, raguna nawa suka yi ƙiba a kansa, yau rana tsaka in zo in ce na babur ne. 'Yan gwangwan ashe yara ne a fagen ciniki. Sai da na ajiye buhun dusa, da turmin atamfa, da na Indiyan nan a madadinsa, da alkawarin zan kai ta asibitin ido, sannan ta ce in ɗauka, amma in ragon ya rame alhakinsa na wuyana.

Na kai shi wurin mai gyaran jikin mota, na ce masa, "Maigida, tsatsa kawai za ka goge. Kada ka ƙara, kada ka rage." Ya ce in kwantar da hankalina, shi aikin Turawa ya gada.

Da na koma ɗauka ya tare ni da murmushi har kunne. Ya ce ya lura da wasu huji biyu a samansa, ya toshe su da walda kyauta. Fiffiken gefen ma ya ga sun yi yawa, suna sa babur ya zama na ƙauye, ya sa almakashin kwano ya daidaita su. Ya fesa masa ja mai walƙiya, ya manna sitika a goshinsa mai cewa "Haƙuri Maganin Zaman Duniya". Sitikar, in ji shi, ita ce kawai zan biya daban.

Ina tsaye riƙe da shi a bakin titi wayata ta yi ƙara. Gwaggo ce. Ta ce ragon ya ƙi cin komai a na Indiyan, ya ma taka shi ya lotse, in maza in dawo mata da kayanta kafin magariba, kuma yadda na ɗauke shi haka za ta karɓa.