"Ashe Babu Ruwa a Ƙasarku?"

Wata dattijuwa Baturkiya ce ta yi mini wannan tambaya a gaɓar Sarısu, nan birnin Antalya na ƙasar Turkiyya. Ta fito daga teku tana matse gashinta fari fat, ta tarar da ni zaune a bakin ruwa, ƙafafuna kawai na tsoma. Ta yafito ni in shigo. Na ce mata ban iya iyo ba. Ba da raini ta tambaya ba, mamaki ne tsantsa a fuskarta, amma maganar ta soke ni.

Sarısu gaɓa ce ta mata zalla, hukumar birnin ta buɗe ta a 2014, can bayan Konyaaltı wajen tashar jiragen ruwa. An kewaye ta yadda ba mai hango ciki, kuma ma'aikatan wurin mata ne, har masu ceton wanda ruwa zai ci. Mace ta zo da hijabinta har ƙasa, ta cire ta rataye, ta faɗa ruwa hankali kwance. Kakanni suna shimfiɗa tabarma, ga butar shayi, ga kankana an yanka, jikoki suna ta fantsama. Da aka buɗe ta wasu Turkawa sun yi ta suka, wai raba maza da mata koma baya ne. Ni dai abin da na gani shi ne matan da a da ba za su kusanci teku ba yau suna ciki har wuya.

Sauran gaɓoɓin ma kowace da halinta. Konyaaltı tsakuwa ce, sai da takalmin roba, amma ruwanta garau, ga duwatsun Beydağları tsaye a gefe. Lara yashi ne mai laushi, otal-otal sun jeru, kuma a hanyarta ne kogin Düden yake zubowa daga kan dutse kai tsaye cikin teku. A Alanya akwai gaɓar Kleopatra ƙarƙashin ganuwar da Sarki Alaeddin Keykubad ya gina. Patara kuwa da dare ba a barin kowa, saboda kunkurun teku da ke zuwa yin ƙwai.

Na san abin da za a ce: Arewa ba ta da teku, kuma kunya ado ce. Haka ne, ban kuma zo in ce komai na nan daidai ne ba. A tsakiyar bazara akwai shigar da ake yi a Lara wadda ba zan so idon 'yata ya saba da ita ba. Amma don Allah kada mu ɓuya a bayan rashin teku. Muna da Tiga, muna da Bagauda da Challawa, ga kogin Kwara ya ratsa Yamai ya bi ta Yawuri. Ruwa bai yi mana ƙaranci ba. Wurin da 'ya mace za ta koyi shigarsa cikin sutura da mutunci ne babu.

Yaro namiji yakan saci jiki ya tafi kududdufi, ya sha bulala, amma ya iya. Yarinya fa? Tun tana ƙarama ake tsorata ta da aljanun ruwa, sannan ranar kasuwa ko biki a ɗora ta a kwalekwalen da ya ɗauki fiye da ƙima, ba rigar kariya. Har yau ban manta da Bagwai ba, ƙarshen 2021, da jirgin da ya kife da ɗaliban Islamiyya a hanyarsu ta zuwa Maulidi. Duk damina sai mun ji irin wannan daga Kebbi ko Neja ko Sakkwato, mu yi ta'aziyya, mu ce ƙaddara. Ƙaddara gaskiya ce, amma sakaci ma gaskiya ne.

Masu hannu da shuni suna gina ɗakunan biki a Kano kamar ana gasa. Ya kamata ɗaya daga cikinsu ya gina wurin iyo mai katanga, ya ɗauki mata su koyar, ya ware ranaku ga 'yan makaranta. Malamanmu su taimaka da bayani a kan mumbari, don iyaye su saki jiki. Ni kam na riga na kai 'yata, duk Asabar tana zuwa koyo.