Ƙanƙarar da ba ta jiran masu wuta

Teburin mai shayi a Jekadafari, kwana huɗu rabon Gombe da wuta.

Ɗan Boko: Alhaji, dubi hoton nan. Kumbon NASA da ke zagaya duniyar Mas tun 2006 ne ya ɗauko. Tuddan yashi ne a ƙuryar arewacinta, duk hunturu sai ƙanƙara ta lulluɓe su.

Bakano (firiza uku gare shi, duk sun koma akwatin ajiye tsumma): Wa ya ba su wuta?

Ɗan Boko: Ba wuta, sanyi ne. Yakan kai digiri 125 ƙasa da sifili.

Bakano: Ba janareto, ba bil? Nawa ne kuɗin mota?

Ɗan Boko: Ai ƙanƙarar ba ta ruwa ba ce. Irin iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi ce ta cika can, ita take daskarewa.

Bakano: Ashe huci ma haja ne, muke ta zubar da shi a banza!

Ɗan Boko: In bazara ta zo ba ta narkewa. Rana ta ratsa ta, ƙasanta ya koma iska, ta fashe ta feso baƙin yashi, gefen tudun ya zaftare.

Bakano: Madalla! Ba jiƙa shago, ba tsinka wa mutane zoɓo.

Bafulatani: Akwai ciyawa?

Ɗan Boko: Ko tsinke.

Bafulatani ya koma wa shayinsa, bai sake tankawa ba.

Ɗan Boko: Shekararsu fa kwana 687 ce.

Bakano: Allahu akbar! Hayar shago sau ɗaya, cinikin azumi kusan biyu.

Mai Shayi: To Alhaji, wa zai sayi ƙanƙara a wannan sanyin?

Bakano: Kai dai tsaya a kan madara da suga. A can zan sara, a nan zan sayar.

Ɗan Boko: Tafiyar kamar wata bakwai ce. Kafin ka iso ta bi iska.

Bakano: Yaro, da buhu da garin katako nake kai ƙanƙara Kumo da tsakar rana tun ba a haife ka ba.

Sai yara suka kaure da ihun an kawo wuta. Alhaji ya zabura, takalmi a hannu. Bai kai kwanar layi ba aka ɗauke. Ya dawo yana haki.

Bakano: Wata nawa ka ce?