Filin unguwa na haya ne, amma ina rasit, ina rabon yara?

A watan jiya aka ɗaura auren 'yar ƙanena a wani gari nan arewacin Kamaru. Ba zan kama sunan garin ba, don abin da zan faɗa bai tsaya ga gari ɗaya ba. Gida ya yi mana kaɗan, sai aka ce a nemi filin da ke bayan makarantar firamare, inda yaran unguwa ke buga ƙwallo, aka kuma ɗora mini zuwa neman. Na tarar da wani dattijo a kan benci a gindin darbejiya, mabuɗan ƙofar filin ɗaure da igiya a ƙugunsa. Muka gaisa, na faɗi abin da ke tafe da ni. Ya ce kwana biyu jaka arba'in. Muka yi ciniki irin na kasuwa, ya sallama a jaka talatin da biyar. Da na ƙirga masa kuɗin na ce, "Baba, a ba ni 'yar takarda mana." Ya dube ni da mamaki na gaske, ya ce, "Haba ɗana, tsakanina da kai sai an rubuta? Ai fili ya zama naka har Lahadi."

Ranar Asabar da hantsi mota ta sauke kujeru da rumfuna, aka kafe turakun ƙarfe a ƙasa, mata suka girka tukwane a kusurwar da raga take. Bayan la'asar yara suka zo, su kamar goma sha biyar. Ƙwallonsu duk ɗinki ne, mai tsaron gidansu ya zura silifas a hannu a madadin safar hannu. Suka jeru a jikin katanga suna kallonmu. Ƙaramin cikinsu ya matso kusa da ni ya ce, "Kawu, yaushe za ku tashi?" Na ce masa gobe da dare. Ya juya ya gaya wa sauran, suka watse ba wanda ya ce uffan. Ranar Litinin na bi ta wurin. Ramukan turaku suna nan, toka ta yi tudu a bakin raga, ga ledoji da fasassun kwalabe. Ba wanda ya ce mu share, ba wanda ya share, kuma jaka talatin da biyar ɗin nan ban ga alamar ko dala ɗaya daga cikinta a filin ba.

Tun ranar abin yake damuna. Ba hayar ce ta dame ni ba. Dole mutane su yi biki, su yi suna, su yi saukar Alƙur'ani, su yi zaman makoki, kuma gidajenmu na cikin gari sun matse, tsakar gidan da kakanninmu suka bari an yanka ta ɗaki-ɗaki. Filin jama'a da zauren taro na hukuma an yi su ne don irin wannan. Abin da ya dame ni shi ne haya ba farashi a rubuce, ba rasit, ba ranar da aka ware wa masu wurin na kullum, ba kuma wanda za a kama idan wuri ya lalace.

Doka ba ta bar wannan a duhu ba. Dokar ƙananan hukumomi da shugaban ƙasa ya sa wa hannu ranar 24 ga Disamba 2019 ta lissafa ayyukan da aka miƙa wa ma'aikatun magajin gari, kuma a cikinsu akwai samar da lambuna da wuraren shaƙatawa, da kula da su, da filayen wasa na gari da wuraren wasan yara. A manyan biranenmu uku, Garwa da Marwa da Ngaundare, aikin ya kasu biyu: kowane birni yana da ƙananan hukumomi uku, ga kuma hukumar birni a samansu. A da shugaban hukumar birnin naɗa shi ake yi daga Yawunde. Wannan doka ta soke hakan, kuma tun bayan zaɓen 9 ga Fabrairu 2020 kansiloli ne ke zaɓen magajin birni. Ma'ana, wanda ke da alhakin filin nan da inuwar nan mutum ne da ƙuri'armu ta kai shi kujera, ta hannun kansilan da muka zaɓa.

Ta fuskar kuɗi ma hanya a shimfiɗe take. Majalisar gari ce ke yanke farashin hayar kayan hukuma a zamanta. Magajin gari yana ba da umarnin karɓa da kashewa, amma ba shi ke riƙe da kuɗi ba. Akwai ma'aji na musamman, shi ke karɓa, ya yanka rasit, ya shigar a littafi. An raba hannun mai umarni da hannun mai riƙo ne da gangan, don kowanne ya zama shaida a kan ɗan'uwansa. Kuɗin da aka miƙa a gindin bishiya ya kauce wa hannayen biyu. Bai shiga kasafi ba, prefe, wakilin gwamnati mai sa ido a kan hukumar, bai gan shi ba, masu binciken asusu ba za su taɓa cin karo da shi ba. A takarda, filin nan bai kawo komai ba, shi ya sa ranar da aka zo rabon kasafi shi ma ba a ba shi komai. Haka wuri ke mutuwa alhali kowane mako ana cin kuɗinsa.

Kada a ɗauka dattijon nan nake zargi. Na tambaya, aka ce mini ya fi shekara goma yana gadin wurin, shi ke korar awaki, shi ke hana a juye shara, kuma babu wanda ya iya gaya mini wa ke biyansa. Wani ya ce makaranta, wani ya ce ofishin magajin gari, wani ya ce jauro, wato mai unguwa, shi ne ya sa shi. Mutumin da aka damƙa wa mabuɗi aka manta da cikinsa, me ake so ya yi? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Idan an gyara tsari, shi ne farkon wanda ya kamata ya amfana: albashi sananne a ƙarshen wata, da tsintsiya da baro da bokiti, ya huta da ciniki da 'ya'yan cikinsa.

Na san abin da ma'aikatan hukuma za su ce, kuma akwai gaskiya a ciki. Za su ce asusu a bushe yake. Dokar 2019 ta ce kason da gwamnati ke ware wa ƙananan hukumomi da jihohi kada ya gaza kashi 15 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa, amma magadan gari sun daɗe suna kukan cewa abin da ke iso musu bai kai nan ba, kuma ba ya zuwa a kan kari. Ga albashi, ga shara, ga magudanan ruwa da ke cikewa duk damina, ga rumfunan kasuwa. Wa zai bar rijiyar burtsatse ya sayi raga? Na yarda. Sai dai wannan hujja a wajena take, ba a wajensu ba. Hukumar da ke kukan babu ita ce ta fi kowa bukatar kada ko sisi ya zube a hanya. Filin da ake haya sau uku ko huɗu a wata, lokacin bukukuwa bayan girbi da bayan salla, zai iya ɗaukar nauyin mai gadinsa da shararsa da dashen bishiyoyinsa ba tare da an jira Yawunde ko FEICOM, asusun tallafa wa ƙananan hukumomi, ba. A bar FEICOM ga manyan gine-gine, abin da aka kafa shi dominsa tun 1974.

Wasu kuma daga cikinmu za su ce a bar kaza cikin gashinta. Idan hukuma ta shigo, farashi zai tashi, sai an yi ta zarya ofis-ofis, a ce dawo gobe, a ce mai sa hannu ya tafi taro. Gara dattijon da za ka yi wa magana ya rage maka. Wannan tsoro ba na banza ba ne, duk wanda ya taɓa neman takardar haihuwar ɗansa ya san shi. Amma a duba wa ragin nan yake amfana. Ni na samu ragi don na zo da babbar riga kuma an san ƙanena. Bazawarar da ke aurar da marainiya fa? Ƙungiyar matan da ke son wuri na awa biyu don rabon adashi fa? Farashin da ke cikin baki yana bin fuska ne. Wanda aka rubuta a allo aka kafa a bakin ƙofa, kowa ya karanta, shi ne kariyar mara gata. A rubuta shi da Faransanci da Fulatanci da Hausa. A bambanta mai biki da mai taron siyasa da kamfanin da ya zo tallar kaya da lasifika, don ba daidai ba ne a yi musu kuɗi ɗaya. Zaman makoki kuwa, a ganina, bai kamata a karɓi komai ba sai kuɗin shara. Zaryar ofis ma tana da magani yanzu, tunda har mai sayar da ƙosai tana karɓar kuɗi ta waya. A buɗe lamba ɗaya ta asusun hukuma, saƙon da ya dawo ya zama shaida.

Sai maganar da ta fi ci mini rai, ta yaran nan. Mu a arewa muna alfahari da ƙwallo, kuma muna da dalili. Coton Sport ta Garwa ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka a 2008, inda ta kara da Al Ahly ta Masar. Daga wannan ƙungiya Vincent Aboubakar ya fito, wanda ya ci ƙwallon da ta ba Kamaru kofin Afirka a 2017, ya kuma fi kowa zura ƙwallo a gasar da muka karɓi baƙunci, da ƙwallo 8. Duk wanda yake Garwa a watan Janairu 2022, lokacin wannan gasar, ba zai manta ba. An sabunta filin Rumde Ajiya, an gyara tituna, 'yan'uwa daga Yola da Mubi sun cika gari, kuma ranar 11 ga wata Najeriya ta doke Masar da ci ɗaya a gabanmu. Abin alfahari ne. Amma babu yaro mai shekara tara da zai ɗauki ƙwallonsa mai ɗinki ya shiga Rumde Ajiya bayan la'asar. Wancan fili na manya ne, yana da ciyawa mai tsada da masu gadi. Filin yaro shi ne wannan mai ƙura na bayan makaranta, kuma shi ne ba ya cikin lissafin kowa. Ranar da muka karɓe shi, ranakun Asabar da Lahadi muka karɓe, wato ainihin ranakun da babu makaranta. Ina suka tafi? Kan titi, tsakanin babura, ko bakin kogi.

Don haka ko an kafa allon farashi, ba a gama ba sai an ware lokaci. Majalisa ta yanke cewa akwai ranakun da ba a hayar fili ko nawa aka kawo, a ce ƙarshen mako biyu a kowane wata, da kowace yamma ta ranakun aiki. A lokacin dogon hutu, daga Yuni zuwa ƙarshen Agusta, sa'ad da matasa ke shirya gasar unguwanni da kuɗin aljihunsu, filin ya zama nasu. Mai haya kuma ya ajiye kuɗin jingina, ba za a mayar masa ba sai ya cike ramuka ya kwashe toka. Da an nemi wannan a wurinmu da mun yi ba gardama.

Ba kuma 'yan ƙwallo kaɗai ke da haƙƙi ba. A watan Maris da Afrilu zafi a Garwa da Marwa yana haura digiri 40, ɗakin kwano ya koma tanda, wuta kuma ta ɗauke. A irin wannan rana inuwar darbejiya da benci biyu da famfo ɗaya sun fi ƙarfin a kira su ado. Tsoho mai hawan jini yana bukatarsu, haka mai jego, haka 'yan mata da ba su da inda za su yi gaɗa ko carafke sai ƙofar gida. Bishiyoyin da suka lulluɓe titunan Marwa wasu ne suka dasa su suka yi ta ban ruwa shekaru da yawa da suka wuce. Mu me muka dasa a gefen filayenmu?

Akwai wani haɗari da ya fi duk wannan. Filin da ba shi da takarda, ba shi cikin rajistar kadarorin hukuma, sannu a hankali ake cinye shi. Yau a kafa teburin mai shayi a kusurwa, gobe kwantenar mai cajin waya, jibi a zuba bulo a ce ajiya ce. Shekara uku sai ka ga katanga, a ce wani ya saya. Ba a rasa unguwar da za a nuna maka shago ko gida a ce da nan ne filinmu. Rasit ɗin da nake nema yana da wannan amfanin ma: kowace takarda da aka yanka da sunan fili shaida ce cewa wurin na jama'a ne. A nan masu sarauta suna da babban aiki, domin lawan da jauro sun fi kowane ma'aikaci sanin iyakar kowane fili da tarihinsa. A zauna da su a auna, a kafa turaku, a rubuta, tun dattawan da suka san asali suna raye.

Dokar 2019 ɗin nan ta ba kowane mazaunin gari da kowane mai biyan haraji damar neman a nuna masa kasafin hukumarsa da asusunta da bayanan zaman majalisa, har ya ɗauki kwafi da kuɗinsa. Zaman majalisa kuma a buɗe yake ga jama'a. Na yi shekaru ina wucewa ta ƙofar zauren ban taɓa shiga ba, kuma na san ba ni kaɗai ba ne. Na yi magana da ƙanena da malamin da ke horar da yaran, mun rubuta wasiƙa mai layi biyar, jauro ya yarda zai sa hannu. Tambaya uku muka yi: filin nan na wane ne a takarda, nawa majalisa ta yanke a matsayin kuɗin hayarsa, nawa kuma ya shiga asusu daga gare shi a bara. Za mu kai ta kafin zaman kasafi na ƙarshen shekara, mu karɓi hatimin shaidar an karɓa. Ramukan turakun kuwa mun cike su ranar Juma'ar da ta wuce da baro biyu na yashi, yaran ne suka nuna mana inda suke.