Bashin numfashi: me zai sa mai asma ya yarda a gwada sabon magani a kansa?

Duk mai asma ya san ƙarfe uku na dare. Ka farka kamar an ɗora maka dutse, ka tashi zaune, ka dafa gwiwoyi da hannu biyu, ƙirjin yana fito kamar an sa masa usur. Iska tana shiga, fitarta ce aiki. Hannunka yana lalube a duhu har ya taɓa ɗan shuɗin abin shaƙar nan, ka girgiza, ka fesa, ka riƙe numfashi kana ƙirgawa zuwa goma. Bayan minti biyar igiyar da ta ɗaure ƙirjin ta fara sassautawa. Tun ina ɗan shekara bakwai nake wannan zaman, kuma sai da na girma sosai na tambayi kaina: wa aka fara fesa wa wannan magani kafin ya zo hannuna?

Mutane ne irina. Salbutamol, maganin da ke cikin shuɗin abin shaƙar, ya shiga hannun likitoci a Ingila a 1969. Na rigakafin, mai kwantar da kumburin hanyoyin numfashi, ya biyo baya a 1972. Kafin kowannensu ya kai kantin magani, sai da wasu masu ciwo suka yarda suka shaƙi abin da ba a gama sanin halinsa ba, suka yi ta hura iska cikin na'ura har jiri ya ɗebe su. Ba a rubuta sunayensu a jikin kwali ba, amma da ƙirjinsu aka auna abin da nake shaƙa yau. Shi ya sa nake ganin mai asma da aka yi wa tayin shiga gwajin sabon magani bai kamata ya yi fatali da maganar tun kafin ya ji ta ba. Ya saurara, ya yi tambaya har sai ya gajiyar da mai amsawa, in ya gamsu ya shiga. Akwai bashi a wuyanmu, kuma waɗanda ke tafe bayanmu ake biya.

Ni ma ba haka na fara ba. Ranar da likitan da ke duba ni ya ce akwai wani bincike da yake ganin zan dace da shi, abin da ya fara fita daga bakina shi ne, "Likita, zakaran gwajin dafi za ku mayar da ni?" Bai yi dariya ba. Ya jawo wasu takardu ya miƙo mini, ya ce, "Malam, tafi da su gida, ka karanta tare da iyalinka. In ka dawo ka ce a'a, maganinka yana nan yadda yake, ni ma ina nan." Wannan maganar ta ƙarshe ce ta sa na karanta.

Tsoron yana da tushe, kuma duk wanda ya ce wa mutane babu haɗari ya ci amanarsu. A 2001, a jami'ar Johns Hopkins da ke Baltimore a Amurka, wata matashiya mai shekara 24, lafiyarta ƙalau, ta ba da kanta a wani binciken asma. Ana son a gane yadda huhun mai lafiya yake kare kansa daga tsukewa, sai aka ba ta wani sinadari mai suna hexamethonium ta shaƙa. Tari ya kama ta, huhunta ya fara lalacewa, ta rasu a watan Yuni, kusan wata guda bayan ta shaƙa. Da aka bi diddigi sai aka tarar cewa tun a shekarun 1950 likitoci sun rubuta cewa sinadarin yana illata huhu, amma laluben tsofaffin rubuce-rubucen da aka yi kafin gwajin bai kai can ba. An kuma tarar cewa wanda aka fara ba wa sinadarin kafin ita ya yi fama da tari da sarƙewar numfashi, ba a sanar da kwamitin da ke sa ido a kan lokaci ba. Gwamnatin Amurka ta dakatar da binciken da take ɗaukar nauyinsa a jami'ar na wasu kwanaki. Wannan fa a ɗaya daga cikin manyan makarantun likitanci na duniya. Wanda ya ji wannan labari ya ja da baya, ba zan kira shi matsoraci ba.

To amma mu duba abin da ke faruwa idan magani ya bazu cikin jama'a ba a gama tankaɗe shi ba. Daga tsakiyar shekarun 1970, mutuwar matasa masu asma ta yi ta hawa a ƙasar New Zealand, aka shafe fiye da shekara goma ana neman dalili. A 1989 masu bincike suka danganta abin da wani maganin shaƙa mai ƙarfi, fenoterol. Da aka taƙaita amfani da shi, mace-macen suka sauka. Waɗannan bayin Allah ba su sa hannu a kowace takarda ba, ba wanda yake auna huhunsu duk mako, ba lambar wayar da za su kira cikin dare. Su ne ainihin zakarun gwajin dafi, ba su kuma san ana yi da su ba.

Da salmeterol ya zo, mai buɗe hanyoyin numfashi na tsawon awa 12, an yi babban gwaji a Amurka da mutum fiye da 26,000. Aka dakatar da shi a 2003, don a cikin waɗanda suka sami maganin mutum 13 asma ta kashe, a cikin waɗanda ba su samu ba kuwa mutum 3. Babu likita guda da zai iya hango wannan bambanci a ɗakin duba marasa lafiya, ko da ya shekara hamsin yana aiki. Sai da dubban mutane suka yarda aka ƙirga da su. Daga nan ƙa'ida ta kafu cewa irin wannan magani ba a ba mai asma shi kaɗai, sai an haɗa shi da na rigakafi. Duk wanda yau yake shaƙar haɗin magungunan biyu cikin abu ɗaya, a inuwar waɗannan mutanen yake.

Za a ce, me ya sa ba za a ba mutum magani a tambaye shi ko ya ji sauƙi ba? Saboda ƙirji yana yaudarar mai shi. A wani bincike da aka wallafa a 2011, an ba masu asma abin shaƙa na gaske a wasu ranaku, a wasu ranakun kuma holoƙo wanda babu magani a ciki. Na'ura ta nuna na gasken ya ƙara ƙarfin numfashi da kashi 20 cikin 100, holoƙon kuwa kashi 7 kacal. Amma da aka tambaye su yadda suke ji, sauƙin da suka ce sun samu kusan ɗaya ne. Wannan ya girgiza ni da na karanta, don na sha cewa "na ji sauƙi" alhali hanyoyin iskar suna nan a tsuke. Dalilin ke nan da ake raba mutane gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ɓoye wa mai ciwo da likitansa wanda ya sami mene.

Shekaru da yawa na rayu da shuɗin abin shaƙa shi kaɗai, haka aka koya mana a lokacin ga wanda asmarsa ba ta yi tsanani ba. Wani gwaji da aka wallafa a 2018, da dubban masu sa kai daga ƙasashe da dama, ya nuna cewa haɗin budesonide na rigakafi da formoterol mai buɗe ƙirji, a shaƙa lokacin da ƙirji ya kama, yana rage mummunan tashin ciwo da kusan kashi biyu cikin uku idan an kwatanta da dogaro da mai buɗe ƙirji kaɗai. A 2019 GINA, ƙungiyar da ke fitar da jagorar kula da asma ga duniya, ta daina ba da shawarar manya da matasa su dogara da shuɗin abin shaƙa kaɗai. Wasu sun sa kai, ni da ban san da zamansu ba na rage kwana a asibiti.

Duk da haka, kada mutum ya shiga gwaji da tunanin ya sami gajeriyar hanya zuwa waraka. Bincike don a san amsa ake yin sa, kuma amsar tana iya zama cewa maganin ba ya aiki. Kana iya faɗawa ɓangaren holoƙo. Abin da ya fi muhimmanci ga mai asma ya tambaya shi ne, za a taɓa maganin rigakafina? A gwajin sababbin allurai na asma mai tsanani, yawanci ƙari ake yi a kan maganin da kake sha. Wasu gwaje-gwajen kuwa sukan rage shi da gangan don a ga ko ciwon zai tashi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma hakkinka ne a gaya maka shi ɓaro-ɓaro. Ka tambayi matakin da ake: na farko, inda mutane kaɗan ne kuma ana duba ko jiki zai ɗauka, ko na uku, inda ɗaruruwa ko dubbai suka riga ka. Ka tambayi kwamitin da ya amince da binciken, da wanda zai ɗauki nauyin jinyarka idan abu ya ɓaci, da lambar da aka yi wa gwajin rajista a rumbun da kowa zai iya dubawa a intanet. Sanarwar Helsinki, wadda Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta fitar a 1964 kuma ta sake yi wa gyara a 2024, ta ce kana da ikon fita a kowane lokaci ba tare da an huce a kanka ba. Idan an biya maka kuɗin mota da na lokacin da ka ɓata, daidai ne. Idan kuɗin ya yi yawan da zai sa ka daina karanta takardar, to ruwa ba ya tsami banza.

Ni dai na koma na ce na yarda. Aka maƙala mini wani ɗan matsi a hanci, na kama bakin bututu da leɓe, ma'aikaciyar jinya tana tsaye a kaina tana cewa, "Ja iska, ja, ja. To hura! Ci gaba, ci gaba, kar ka tsaya!" Sau uku, har idona ya kawo ruwa. Aka fesa mini salbutamol, muka jira kwata, aka sake. Suna neman ƙarfin numfashin ya ƙaru da aƙalla kashi 12 cikin 100. Nawa a ranar bai kai ba. Aka gode mini, aka sallame ni. Na fito da wani irin baƙin ciki da ban zata ba.

A nan ne nake da magana da masu binciken kansu. Ƙofar gwajin asma ta yi ƙunci ƙwarai. Wanda ya daɗe yana shan taba, waje. Mai wata cuta a gefe, waje. Mai juna biyu, waje. Tsoho sau da yawa waje. Wani nazari da aka yi a New Zealand aka wallafa a 2007 ya gano cewa cikin masu asma na yau da kullum, waɗanda za su cika sharuɗɗan manyan gwaje-gwajen da aka gina jagorar magani a kansu ba su kai kashi 10 cikin 100 ba. Ke nan ana gwada riga a jikin mutum ɗaya, a ɗinka wa tara. Na fahimci dalilin, ana son sakamako mai tsabta. Amma labarin wata allurar asma mai suna mepolizumab ya isa darasi a kan muhimmancin wa aka ɗauka: a gwajin farko wajen shekarar 2000 an ga kamar ba ya aiki, sai a 2009 da aka gwada shi a kan waɗanda wani nau'in fararen ƙwayoyin jini ya yi wa yawa a hanyoyin numfashi, aka ga yana rage tashin ciwo sosai. A 2015 aka amince da shi. Maganin bai canza ba, mutanen da aka zaɓa ne suka canza. Idan wasu al'ummomi ba sa cikin gwaji, ko don ba a je wurinsu ba ko don tsoro ya hana su, likitansu zai riƙa rubuta musu magani da awon jikin wasu.

Sai kuma abin da ya fi ci mini rai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 262 ke da asma, 455,000 suka mutu, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, inda na rigakafin nan na 1972 ma bai wadata ba. Sababbin alluran kuwa, irin omalizumab na 2003 da tezepelumab na 2021, tsadarsu ta sa sun fi ƙarfin mafi yawan masu ciwon a duniya. Ka ɗauki mutumin da ya shekara guda yana zuwa ana ɗibar jininsa, yana rubuta yawan fesawarsa safe da yamma, ya fara barci har asuba a karo na farko cikin shekaru. Gwaji ya ƙare, maganin ya yi nasara, aka ce masa sai ka saya. Wannan kura ce da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sanarwar Helsinki ta ce tun kafin a fara gwaji a tanadi yadda waɗanda suka shiga za su ci gaba da samun maganin da aka tabbatar yana amfanarsu, a kuma faɗa musu tanadin lokacin neman amincewarsu. Ta ce a bayyana sakamako ko da bai yi wa masu kuɗin daɗi ba. Kamfanin da ba zai iya rubuta waɗannan alkawura biyu a takarda ba, bai cancanci numfashin kowa ba, kuma kwamitin da ya bar shi ya wuce ya gaza a aikinsa.

Na gaya wa likitana ya bar sunana a littafinsu. Idan wani gwajin ya zo wanda na dace da shi, zan sake karɓar takardun in tafi da su gida, in fara da shafin da ke maganar abin da zai faru ranar da aka gama.