Kyautar Oga

(Teburin mai shayi a Obalende, Legas, bayan sallar isha'i. Tanko maigadi ya iso daga Ikoyi yana washe baki.)

TANKO: Malam Sale, haɗa min mai kauri, ƙwai uku. Yau Oga ya yi min kyautar da ubana bai taɓa yi min ba.

SALE: Babur?

TANKO: Kare! Ƙaton nan mai kai kamar turmi, Rotiwaila. Har takarda aka rubuta da sunana, na dangwala.

SALE: Subhanallahi. Kai da alwala, me ya haɗa ka da kare?

TANKO: Ai ba lasata zai yi ba. Oga ya ce kuɗinsa ya fi albashina na shekara.

ƊANBOKO: Baba Tanko, yaushe aka yi wannan kyauta?

TANKO: Yau da hantsi.

ƊANBOKO: Jiya kuma me ya faru a gidan?

TANKO: Ba komai. Sai dai mai yanke wuta da ya jingina tsani, karen ya ɗan gaishe shi a ɗuwawu.

SALE: Ɗan gaisuwa?

TANKO: Ɗinki bakwai.

ƊANBOKO: To Baba, barka da arziki. Kare ba ya zuwa kotu, mai kare ake kira. Kuɗin asibiti naka, allurar haukan kare taka, diyyar wando ma taka. In alƙali ya ga sakaci ne, aka bar shi ba sarƙa ba takunkumi, sai tara ko gidan yari.

TANKO: A jiya ai ba nawa ba ne!

ƊANBOKO: Wace rana aka sa a takardar?

TANKO: Ni na ga layi, na ga tawada.

SALE: In ka ga kare yana shinshina takalmi...

TANKO: Kar ka ƙara ambatar kare a wurin nan, Malam Sale.

ƊANBOKO: Ka gode Allah a Legas kake. A Ingila tun 1991 suke da dokar mugayen karnuka. Karenka ya kashe mutum, kana iya shan shekara 14.

TANKO: Shi karen fa, yana gida yana cin kaza?

ƊANBOKO: Shi ma ana tafiya da shi. Ko nan Legas, a unguwar Igando, a 2014, da karnuka suka yi wa wani yaro kaca-kaca, 'yan sanda ba mutum kaɗai suka kama ba, har karnukan suka kwashe.

TANKO: Alhamdulillahi! Su zo su kama shi, ni ne shaida. Sau biyu yana cinye min tuwo.

SALE: Ka tabbata dai yana da katin rigakafi? Duk shekara ake yi.

TANKO: Yana da kati, yana da likita, yana da fanka. Ni da zazzaɓi ya kayar da ni, Panadol biyu Madam ta aiko min.

ƊANBOKO: Shi wanda aka ciza, an wanke ciwon da sabulu da ruwa na minti 15 kafin asibiti?

TANKO: Wa zai kama shi ya wanke? Ko tsaninsa bai dawo ɗauka ba.

SALE: Ga shayinka. Dubu biyu da ɗari biyar.

TANKO: Cire ƙwai biyu. Ɗanboko, ka iya rubuta takardar kyauta?

ƊANBOKO: Na iya.

TANKO: Rubuta. Ni Tanko, na ba ɗan'uwana Malam Sale mai shayi...

SALE: Ajiye min kofina!