Hannun Matawalle a wanke yake, amma wa ya fake a inuwarsa?

Duk ranar 5 ga Mayu sai Facebook ya cika da hoton marigayi Matawallen Katsina, Umaru Musa 'Yar'aduwa, kowa na "Allah ya jiƙan Matawalle". Ni ma ina cewa amin har cikin raina. Amma bana zan faɗi abin da na daɗe ina haɗiyewa, ko da za a ce na taɓa mamaci. Shugaba in ya rasu gawarsa kaɗai ake binnewa, aikinsa yana nan muna kwana muna tashi a cikinsa, don haka muna da haƙƙin aunawa.

Bari in fara da abin da na gani da idona. A farkon 2009 ina ɗalibi a Zariya, ina ɗan taɓa acaɓa da yamma don in samu na abinci. Ranar da aka mayar da litar fetur naira 65 daga 70 ina kan layi a wani gidan mai, wani dattijo mai tsohuwar Vespa yana gabana. Yaron famfo ya miƙo masa canji, ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, sannan ya mayar masa da wasu ya ce, "Yaro, ka yi ɓatan lissafi, kada a cire a albashinka." Da aka ce masa ai gwamnati ce ta rage, sai ya cire hula ya riƙe a hannu ya ce, "A ƙasar nan?" Na san farashin ɗanyen mai ya faɗi a kasuwar duniya a lokacin. Duk da haka ba mu saba ganin abu ya hau ya sauko ba.

Kuma ba fetur kaɗai ba. Mutumin nan ya tsaya ranar rantsar da shi, 29 ga Mayun 2007, ya ce zaɓen da ya kawo shi yana da naƙasu. Ku nuna mini wani da ya taɓa faɗin haka a kan kujerar da yake shirin hawa. Wata guda bayan nan ya bayyana dukiyarsa ga jama'a, kimanin naira miliyan 856, alhali doka ba ta tilasta masa bugawa a jarida ba. Da Kotun Ƙoli ta ce Peter Obi bai gama wa'adinsa a Anambra ba, Andy Uba da aka riga aka rantsar a kujerar ɗan PDP ne, ɗan gaban goshin Obasanjo, amma Umaru bai yi wata-wata ba aka bi hukuncin. Ya saki kuɗin ƙananan hukumomin Legas da aka danne shekaru. Ya janye cinikin matatun man Kaduna da Fatakwal. Afuwar da ya yi wa tsagerun Neja Delta a 2009 ta kashe wutar da sojoji suka kasa kashewa. Har yau ban ji wanda ya nuna wani katafaren gida a Dubai ko Landan ya ce na Umaru ne ba. Wannan duk na yarda, ba na jayayya.

Inda nake rabuwa da masu yabo shi ne nan: mun ɗauki "bai ci ba" mun mayar da shi ma'aunin shugabanci gaba ɗaya. Makiyayin da bai taɓa yanka akuyar mutane ba, amma kura na shiga garke a gabansa yana kallo, me za ka ce masa ranar da masu dabbobi suka zo ƙirga?

A Disambar 2007 hukumar EFCC ta kama James Ibori, tsohon gwamnan Delta, wanda ake ta faɗin cewa da kuɗinsa aka yi yaƙin neman zaɓe. Kafin watan ya ƙare sai ga sanarwa an tura shugaban hukumar, Nuhu Ribadu, ƙaro ilimi Kuru. Daga baya har muƙaminsa na ɗan sanda aka rage, ya bar ƙasar. Ministan shari'a Michael Aondoakaa yana nan daram duk tsawon wannan lokaci. A Disambar 2009 wata kotu a Asaba ta wanke Ibori daga tuhuma 170. Wannan Iborin dai shi ne ya amsa laifinsa da bakinsa a wata kotun Landan, aka yanke masa shekara 13 a 2012. In Matawalle bai san abin da ake yi da sunansa ba, rauni ne. In ya sani ya yi shiru, to abin ya fi rauni muni. Ku zaɓi ɗaya, don babu na uku.

Sai Yulin 2009, wanda mu 'yan Arewa ya kamata ya fi tsaya mana a rai, amma shi muka fi tsallakewa. Rikici ya tashi a Bauchi ya bazu zuwa Maiduguri, ana tsaka da ɓarin wuta shugaban ƙasa ya hau jirgi ya tafi Brazil. Sojoji suka kama shugaban Boko Haram Muhammad Yusuf da rai suka miƙa wa 'yan sanda, kafin gari ya waye ya zama gawa. An kashe mutane a tituna ba tare da shari'a ba, hotunan bidiyon sun zaga duniya. Shugaban ƙasa ya ba da umarnin bincike, gaskiya ne. To amma wannan ya faru ne a ƙarƙashin mutumin da taken mulkinsa shi ne bin doka da oda, kuma mun san abin da ya tsiro daga wannan jinin.

Batun rashin lafiya kuwa ba na son in daɗe a kai, ciwo ba laifin kowa ba ne. Sai dai tun lokacin kamfe aka garzaya da shi Jamus, har Obasanjo ya kira shi a waya a gaban taro yana tambayarsa ko ya mutu. Ya san jikinsa. Da aka tafi da shi Jidda ranar 23 ga Nuwamban 2009 ba a bar wa majalisa takarda ba, ƙasa ta yi kwana 78 ba a san mai riƙe da ita ba, sai da majalisa ta fake da hirar da ya yi da BBC ta waya ta ɗora Jonathan a matsayin muƙaddashi. Sannan aka shigo da shi Abuja cikin dare, sojoji sun tsare filin jirgi. Na ɗora mafi yawan wannan a wuyan waɗanda suka kewaye shi. Amma su wa suka kawo su kusa da shi?

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais. Umaru da kansa ya kafa shi don gyaran zaɓe, ya cika shi da mutane masu mutunci, suka miƙa rahoto a Disambar 2008. Babbar shawararsu ita ce a cire hannun shugaban ƙasa daga zaɓo shugaban INEC, Majalisar Ƙoli ta Alƙalai ta riƙa tantancewa. Gwamnatinsa ta karɓi wasu shawarwarin, wannan ɗin kuwa ta ƙi. Mutumin da ya yi ƙarfin halin cewa zaɓensa ba shi da tsabta, da aka miƙo masa sabulun sai ya ajiye gefe. Har yau da nake wannan rubutu, shugaban ƙasa ne ke zaɓo wanda zai ƙirga ƙuri'unsa.